Lambobin Da Suka Dawo Gida

Verna Dudek ta bar aikin jinya da gwiwoyi biyu masu ƙin matakala, da kuma wata 'yar lambar tagulla da ba ta taɓa fita daga gida ba sai da ita a ƙirji. Lambar ba ta wuce faɗin babban yatsa ba. A fuskarta hoton fitila ne, a bayanta kuwa an sassaƙa harufan sunayen matan da suka riƙe ta kafin Verna, nata ne na ƙarshe.

Haka al'adar Makarantar Koyon Jinya ta Marlow Falls take tun zamanin da sistocin coci ke riƙe da ita, kafin jami'a ta zo ta haɗiye ta. Ranar yaye ɗalibai, tsohuwar nas ce ke maƙala wa sabuwa lamba. Lambar kuma ba sabuwa ba ce, sai dai in an rasa yadda za a yi. Ta wata ce da ta rasu. Duk nas ɗin da ta mutu, danginta sukan kawo lambarta makaranta, a ce lambar wance ta dawo gida. Sai a goge ta, a ƙara harufa, a ba wata yarinya. Mai rai ba ta mayar da lamba. Kowa ya san wannan, kuma ba wanda ya kai Verna sani, don tun da jami'a ta ɗauke ta aikin rabin yini a ofishin tsofaffin ɗalibai, ita ce ke karɓar lambobin daga hannun dangi, ta ba su kofi, ta saurari kukansu.

Da sanyi ya fara shigowa, majalisar jami'a ta zauna ta ce makarantar jinya tana ci fiye da abin da take kawowa. Kayan koyarwa sun tsufa, rufin yana yoyo, malamai suna ta guduwa manyan asibitocin birni. Suka ce in har ƙanƙara ta narke ba a samu wanda zai ɗauki nauyin gyaran ba, to 'yan ajin ƙarshe na bana su ne na ƙarshe, sauran a raba su ga wasu makarantu.

Aikin ceton ya faɗa kan Neil Ahlgren, shugaban ofishin neman gudummawa. Mutum ne mai yawan murmushi, amma ba mugu ba ne, kuma ya san aikinsa. Shi ya gina wa masu karatun injiniya sabon bene, shi ya yi wa 'yan ƙwallo fili. Ya kira Verna ofishinsa, ya ja mata kujera mai laushi.

"Misis Dudek, bari in gaya miki gaskiya. Injiniya in ya yi arziki yakan tuna da mu. Nas kuwa ba ta arziki, kin fi ni sani."

"A jikina na ji, ba labari aka ba ni ba."

"To shi ya sa ba aljihunsu nake nema ba. Fuskokinsu nake so. Akwai mutum ɗaya da zai iya ɗaukar abin nan shi kaɗai, kuma ga shi nan tafe."

Mutumin shi ne Harlan Stroud, mai kamfanin manyan motocin dakon kaya da ke gefen kogi. Tsoho ne kakkaura, ya shigo da rigar sanyi irin ta direbobi, ya ƙi zama. Matarsa Maxine ta yi doguwar jinya kafin ta rasu, kuma 'yan makarantar nan ne suka kula da ita har ƙarshe.

Ya ce, "Akwai wata yarinya mai jan gashi, Renata. Ita ta rufe wa Maxine ido, ni hannuna ya ƙi motsi. Don haka ba sai an yi mini dogon bayani ba. Amma ni ba na sayen mota sai na ji kukan injinta. Ku tara mini matan da suka fito daga makarantar nan. In na shigo zaure na ga ya cika, na ga suna son abarsu, zan ɗauki nauyin. In kuwa 'ya'yan gidan ba su damu ba, ni bare mene ne nawa?"

Ya sa hularsa ya fita.

Aka tsayar da wata Lahadi a watan Afrilu don liyafar rana. Saura abin da za a rubuta a katin gayyata. Neil ya kawo kalamai iri-iri, duk masu zaƙi, duk Verna ta ƙi. Wannan ya yi kama da tallan inshora, wancan ya yi kama da wa'azin fasto mai neman rufin coci. Da yamma ta yi, gwiwa ta fara damunta, sai ta ce, "Kai dai rubuta musu kawai, lokaci ya yi da kowace lamba za ta dawo gida."

Abin da ta gani a ranta shi ne zaure cike da mata, kowace da tagulla tana walƙiya a ƙirji. Neil ya buga tebur ya ce wannan ita ce maganar. A nan kada wani ya ɗora wa Neil laifi, shi baƙo ne a al'adar. Verna ce ta faɗa da bakinta, ita da ta yi shekaru tana furta wannan kalma a gaban masu makoki. Aka buga katin da hoton fitila, maganar da manyan baƙaƙe, ranar liyafa kuma can ƙasa da ƙanana.

Duk Alhamis Verna kan je shan kofi gidan Odessa Pruitt. Ajinsu ɗaya, ɗakin kwanansu ɗaya, rana ɗaya aka maƙala musu lamba. Odessa ta yi aikinta duka a ɗakin masu ciwo mai tsanani, tana ɗaga ƙattan maza tana juya su, har bayanta ya ce ya isa. Yanzu da sanda take tafiya, amma bakinta bai san an yi ritaya ba.

"Ke Verna, wace ce ta yi miki wannan gashin? Ba ni sunanta in kai ƙara."

"Ji mai magana. Ke da in kin tashi daga kujera maƙwabta suke zaton ƙofar gareji ake buɗewa."

"Garejin nan ya ɗauki abin da ba ki ɗauka ba, 'yar ɗakin haihuwa. Ku da aikinku rungumar jarirai da cin kek ɗin suna."

Verna ta ciro katin daga jaka ta miƙa mata, tana jin daɗin kanta. Odessa ta sa tabarau, ta karanta, ta juya bayansa, ta sake juyowa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni."

"Uhm."

"Mene ne uhm?"

"Sha kofinki, zai huce."

Ba a daɗe da aika katunan ba, sai ga wani ɗan ambulan ɗin wasiƙa mai kauri daga jihar Arizona. Verna ta buɗe, lamba ta faɗo kan tebur. Ta juya bayanta, ta ga harufan ƙarshe, sai ta nemi kujera. Ta Renata Coyle ce, mai jan gashin nan, wadda Verna da hannunta ta maƙala wa. Yarinyar ko arba'in ba ta kai ba. Verna ta yi kukanta ta gama, ta wanke fuska, ta nemo lambar waya don ta yi wa mijin ta'aziyya.

Mace ce ta ɗauka.

"Renata? Ke ce?"

"Ni ce, Misis Dudek! Lafiya na ji muryarki haka?"

"Ba ki mutu ba?"

Renata ta tuntsire da dariya. "Saura kaɗan dai, amma ban ƙarasa ba tukuna."

"To me lambarki ke yi a hannuna, 'yar nan? Kin san yadda gabana ya faɗi?"

"Ai ku kuka ce a dawo da su. Da na ga katin sai na ce wayyo, makarantar ce ta mutu, ana tattara kayanta."

"Ba ta mutu ba! Liyafa ce. Ku zo da lambobinku a ƙirji, abin da nake nufi kenan. Ba ki karanta ƙasan ba? Yau ɗin nan zan mayar miki da ita, ki sa ta ki zo. Mista Stroud yana tambayarki, sunanki ya kama a gabana. In ya gan ki, an gama."

Dariyar Renata ta ɗauke.

"Misis Dudek, ki bar ta a nan wurinki. Na bar aikin tun bara, gidaje nake sayarwa yanzu. Tana cikin aljihun tebur, duk sanda na buɗe neman almakashi sai in ga tana kallona. Ranar da na sa ta a ambulan, kamar an sauke mini buhu daga wuya. Ki gaishe da Mista Stroud, mutumin kirki ne. Matarsa ce ta ƙarshe da na iya yi wa kuka. Bayan ita mutane suka yi ta mutuwa a hannuna, ni kuwa ina tunanin abin da zan dafa. Da na ga haka na san lokacin tafiya ya yi."

"Renata, rana ɗaya ce fa."

"Na sani. Ki yafe mini."

Daga nan sai suka fara zuwa. Yau kaɗan, gobe fiye, har mai kawo wasiƙu ya fara tsokanarta wai ko ta buɗe shagon gwal ne. Daga Ohio, daga Texas, daga Alaska, daga unguwar da ke bayan jami'ar ma. Mata ne da aka horar tun suna 'yan mata cewa abin da aka rubuta shi ake yi, ba ragi ba ƙari. An rubuta lamba ta dawo gida, lamba ta dawo gida.

Neil ya aika saƙon gyara ga kowa. Verna ta zauna kan waya daga safe har a tashi, kunnenta har zafi yake. Wasu sun yi kuskure ne da gaske, suka yi ta ba da haƙuri, amma zuwa dai ba zai yiwu ba. Wannan tana aiki ranar Lahadi, kuma in ta taso wa zai riƙe mata marasa lafiya, su da ba su da isassun hannu? Wannan tana jinyar uwarta. Wannan an yi mata aiki a ƙugu. Wata ta ce, "Anti Verna, hutuna ɗaya ne a watan, kuma na yi wa gadona alkawari." Da yawa kuwa, da ta ce za ta mayar musu, sai su ce, kamar yadda Renata ta ce, ta bari tukuna.

Ta zuba lambobin a kwandon burodi ta kai wa Neil. Ya daɗe yana kallonsu.

"Tunda nake aikin nan ban taɓa aika kati aka amsa mini haka ba," ya ce, ya yi wata dariya marar daɗi. "To bari mu yi amfani da abin da ke hannu. Mu shimfiɗa farin ƙyalle, mu jera su a bakin zaure. Mu ce wa Mista Stroud waɗanda ba su samu zuwa ba ne suka aiko da shaidar ƙauna."

"Shaidar mutuwa ce, Neil."

"Ke kika san haka. Shi bai sani ba."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tana so makarantar ta rayu, kuma ta kai inda ba ta tambayar kanta ta wace hanya.

Ana saura kwanaki kaɗan, ta tarar da wani ambulan a ƙarƙashin ƙofar ofishinta, ba kan sarki, ba suna. Ta buɗe, ta juya lambar. Ba ta buƙaci tabarau ba. Tana tsaye kafaɗa da kafaɗa da mai ita ranar da aka maƙala ta, har ta ji lokacin da fil ɗin ya soki Odessa ta yi zagi a hankali a gaban sistoci.

Ba Alhamis ba ce, amma ta ɗauki mota. Ta tarar da Odessa tana feraye dankali. Ta ajiye lambar kan tebur da ƙarfi.

"Ke ma ba ki karanta ƙasan katin ba ne?"

"Na karanta. Na gane abin da kike nufi sarai, tun ranar da kika nuna mini."

"Kika gane kuskuren, kika yi shiru?"

"Na yi shiru."

"Odessa, da kin buɗe baki ranar, da na tsayar da katin!"

"Na sani. Zauna, tsayuwar nan ba ta yi wa gwiwarki kyau."

"Ba zan zauna ba."

Odessa ta ajiye wuƙa, ta goge hannu. "Nyla ta cika takardun shiga makarantarku. Jikata, wadda na goya. Ta zo tana murna, wai Kaka, ke za ki maƙala mini. Na dube ta, bayanta a miƙe kamar sanda, tana dariya da haƙoranta duka. Sai na tuna ni ma haka nake. Dube ni yanzu, Verna. Safa ba na iya sa wa kaina. Wani maras lafiya ya taɓa karya mini haƙori, aka ce in cika takarda in koma bakin aiki. Lokacin annoba, da rigunan kariya suka ƙare, jakar shara muka sa a jiki, mutane suna tafa mana ta taga, da abin ya wuce aka rage mu. Kina so in tsaya a gaban attajiri in yi murmushi in ce a kawo wasu 'ya'yan mutane?"

"To in aka rufe, wa zai yi jinyarki ranar da kika kwanta? Wa zai yi tawa? Garin nan tsofaffi ne kawai suka rage."

"Ban sani ba. Ba dai Nyla ba."

"Makarantar nan ce ta ɗauke ki lokacin da sauran suka ce ba sa ɗaukar baƙar fata. Kin manta?"

"Ban manta ba. Na biya da bayana, ba wanda ke bina. Ke kuma ki daina cewa kuskure kika yi. Matan nan ba jahilai ba ne. Sun daɗe suna jiran wanda zai ce musu an sallame ku, sai ga ki kin rubuta musu da manyan baƙaƙe."

Verna ta tsaya tana kallonta. Odessa ta tura mata lambar da ɗan yatsa.

"Ɗauki, ta dawo gida. Liyafar kuma zan zo, saboda ke, ba saboda fitila ba."

Ranar Lahadi gari ya yi haske, ƙanƙarar gefen titi ta zama baƙin ruwa. An jera kujeru har bangon baya na babban zauren. An dafa naɗaɗɗen kabeji da nama, da dankali, da kek mai hoton fitila a kai, abincin da zai ishi gari guda. Verna ta tsaya a ƙofa da rigarta mai ruwan bula, tana gaida duk wadda ta shigo kamar ita ce ta farko cikin dubu.

Waɗanda suka zo tsofaffi ne na cikin gari, wasu da sanda, wasu 'ya'yansu suka turo su a keke. Da suka zauna, layin gaba ya cika, na bayansa bai cika ba. Daga nan har bango kujeru ne kawai. Neil ya sa aka fara kwashe na baya a hankali, amma zauren sai ya ƙara girma. Odessa ta shigo ta zauna a gefe, ƙirjinta ba komai.

Harlan Stroud ya iso a kan lokaci, yau da kwat. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi zauren daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sai ya juya ga teburin da ke gefensa, inda lambobin suke jere kan farin ƙyalle, layi bayan layi, sun ninka matan da ke zaune nesa ba kusa ba.

Neil ya matso da murmushinsa. "Yallaɓai, ka san aikin jinya ba ya Lahadi. Waɗanda ba su samu zuwa ba ne suka aiko da abin da ya fi musu daraja, don ka ga suna tare da mu."

Stroud ya ɗauki ɗaya, ya auna ta a tafin hannu. "Irin wannan ce a ƙirjin Renata. Wata rana Maxine tana wasa da ita, ta ce yarinya ba ni mana. Renata ta ce, Misis Stroud, komai nawa naki ne ban da wannan, ba ta barin jikina sai ranar da aka sa ni a akwati, sannan ta koma makaranta." Ya ɗago kai ya wuce Neil da ido. "Misis Dudek, duk waɗannan mutuwa suka yi?"

Ƙaryar tana bakin Verna, ta shirya ta tun safe, ta maimaita ta a mota. Amma an riga an tona ta kafin ta fito.

"A'a, yallaɓai. Suna raye. Gajiya suka yi."

"Renata fa? Ita na zo gani."

Verna ta bi layin da yatsa, ta ɗauko, ta sa masa a hannu. Ya juya bayanta, ya karanta harufan, ya daɗe a haka.

"Ta ce in gaishe ka. Gidaje take sayarwa yanzu, a Arizona."

Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Ya mayar da lambar daidai inda take. Ya shiga ya zauna da tsofaffin, ya ci kabejinsa, ya saurari jawabin shugabar makaranta har ƙarshe, ya tafa. Ya bi matan ɗaya bayan ɗaya ya yi musu godiya. Da zai fita Verna ta bi shi har bakin mota, tana jan ƙafa.

"Mista Stroud, akwai yara a ajin farko da ba su da inda za su. Waɗannan ba su gaji ba tukuna."

"Tukuna," ya ce. Ya buɗe ƙofar motar. "Rufi zan iya gyarawa, Misis Dudek, in sayi gadaje da injuna. Abin da ya sa yarinyar nan ta cire lambarta ba ni da maganinsa. In na gina muku bene, wasu zan tara a mayar da su haka. Ki yi haƙuri."

Ta tsaya har motar ta sha kwana. Da ta koma ciki, ta tarar ana zuba ragowar abincin a robobi, kowace tsohuwa ta tafi da na mako.

Majalisar jami'a ba ta ɓata lokaci ba wajen yanke hukuncin rufe makarantar. Neil ne ya zo ya gaya mata da kansa, ba murmushi, ya ce ya buga wa duk wanda ya sani, ba wanda ya ɗauka. Aka mayar da shi kan neman kuɗin wurin ninƙaya. Ita kuma aka ce ofishinta zai kai ƙarshen wata.

A watan Mayu aka yaye 'yan ajin ƙarshe. Karo na farko a tarihin makarantar lambobi sun fi ƙiraza yawa. Verna ta maƙala wa kowace yarinya tata, tana faɗin kalmomin da aka saba. Sauran ta zuba a gwangwanin biskit ta kai laburare, inda wata mata ta karɓa da ladabi ta ce za a ajiye a ɗakin ƙasa, wurin tsofaffin hotuna.

Alhamis biyu Verna ba ta je gidan Odessa ba. Ta uku ta je, don ba ta da wani wurin zuwa. Odessa ta zuba mata kofi, ba ta taɓa gashinta da tsokana ba.

"Nyla ta samu wata makarantar jinya a birnin Columbus," Odessa ta ce, tana kallon taga. "Ta fi tsada, ta fi nisa. Ta ce tunda an rufe ta nan, can za ta. Na yi magana har muryata ta dishe."

Verna ta zaci za ta ji daɗi, ba ta ji ba.

"Can sababbin lambobi suke bayarwa, ba sunan kowa a baya. Ta ce ko zan ba ta tawa ta riƙe." Odessa ta juyo. "Tana ina?"

"Na maƙala wa wata yarinya 'yar ƙauye, ban ma riƙe sunanta ba. An riga an sassaƙa harufanta a ƙarƙashin naki."

"Kenan na mutu."

"A wurin makaranta dai, e."

"To ai makarantar ta riga ni mutuwa." Odessa ta yi 'yar dariya, ta tsaya. Ta nuna ƙirjin Verna da cokali. "Taki fa? In kin tafi, ina za a kai ta?"

Verna ta sa hannu ta taɓa tagullar. Ta yi kwanaki tana wannan tambayar. Ba ta da 'ya, ɗanta yana Oregon, bai san ma'anar abin ba.

"Ki ce a binne ki da ita," Odessa ta ce. "Kina isa lahira su gane nas ce ta zo, su ba ki aikin ƙarshen mako."

Verna ba ta yi dariya ba. Ta tashi, ta ɗauko safar Odessa da ke kan kujera, ta durƙusa a kan gwiwar da ta fi dama, ta ce, "Miƙo ƙafar, tsohuwar banza, ƙasan nan da sanyi."